Alƙalamin wayar salula: Abin da ya kamata mai saye ya sani

A garuruwa irin su Zagga da ke ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, wayar da ake shafawa ta shiga hannun 'yan kasuwa da malamai da ɗalibai. Mai son rubuta ajami ko Larabci da hannunsa, ko sa hannu a takarda ta waya, yakan buƙaci alƙalami na musamman. Sai dai ba kowane alƙalami ne ke aiki da kowace waya ba.

Yadda yake aiki

Gilashin wayoyin zamani yana gane taɓawa ne ta hanyar ɗan ƙarfin lantarkin da ke jikin ɗan Adam. Shi ya sa biro ko tsinke ba sa motsa komai a kansa.

Alƙaluman iri biyu ne. Na farko mai bakin roba ne, wanda ke maye gurbin yatsa kawai. Yana da araha, ba ya buƙatar caji, kuma yana aiki da kusan kowace waya. Amma bakinsa na da kauri, kuma idan tafin hannu ya taɓa gilashin sai rubutu ya ɓaci.

Na biyu yana ɗauke da na'ura a cikinsa. Yana gane ƙarfin dannawa, ta yadda layi zai yi kauri ko siriri, kamar alƙalamin kara a kan allo.

Kamfanoni

Kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da S Pen tare da wayar Galaxy Note a shekarar 2011, kuma rubutu da shi ba ya buƙatar caji. Kamfanin Apple na Amurka ya fitar da Apple Pencil a 2015, wanda ke aiki da iPad kaɗai, ban da iPhone. Infinix ma ya fitar da Note 5 Stylus a 2018.

Galibi alƙalamin wani kamfani ba ya aiki a wayar wani.

Kafin a saya

Da farko mai saye ya san sunan wayarsa da samfurinta, sannan ya gwada alƙalamin a kanta kafin ya biya kuɗi, domin akwai jabu a kasuwa, kuma mayar da kaya daga Zagga zuwa Birnin Kebbi ko Kano ɗawainiya ce.

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wanda ba ya buƙatar caji ya fi dacewa. Haka kuma a tambaya ko ana samun bakin sauyi, saboda yana cinyewa.

A lokacin hunturu, a riƙa goge gilashin kafin rubutu, domin yashin da ya maƙale a bakin alƙalami na iya karce shi.