Katun Ɗin Ƙasar Hausa: Daga Bangon Zariya Zuwa Kwaɗin Tawa

Mai karatu, kwanakin baya na kai ziyara cikin birnin Zariya, na iske wani ɗan yayata a zaure ya duƙufa kan tsohuwar kwamfuta. Wai Gizo yake zanawa, yana son ya sa shi tafiya. Sati uku ke nan yana fama, Gizon bai yi taku goma ba, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ya koma baya. Ba wanda ya koya masa. Da na tambaye shi wa yake kwaikwayo, sai ya ce masu Tom and Jerry. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron bai san cewa wannan sana'a tana da kaka a nan kusa da mu ba.

Ka fara duba garin da yake zaune. Zane ba baƙo ba ne a Zazzau. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, kuma har gobe masana gini na zuwa kallon bakan-gizonsa. Maginan da suka biyo baya sun ƙawata fuskokin gidaje da dagi da takobi, da zamani ya zo suka ƙara keke da mota da jirgin sama, har Bature Kirk-Greene ya yi littafi a kan gidajen a 1963. Amma ka lura, galibi sun kauce wa surar mutum. A bayan ganuwa kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, inda su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Ga masu zane, ga maɗaba'a, ga makaranta. Duk da haka ba daga nan zanen ya fara motsi ba.

Sai ka tsallaka iyaka zuwa Nijar. A can aka haifi Mustafa Alasan, wanda Faransawa ke rubutawa Moustapha Alassane, a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali ya yi siffofi, ya haska fitila a bayansu, jama'a su taru suna kallon inuwa tana rawa. Asalin sana'arsa kanikanci ne. Daga baya ya samu aiki a cibiyar bincike ta Yamai tare da Jean Rouch, wanda ya taimaka masa ya tafi Kanada. Can ya haɗu da Norman McLaren, gwanin da yake zane kai tsaye a jikin fim ba tare da kyamara ba.

A 1965 ya fito da La Mort de Gandji, labarin masarautar kwaɗi, wanda ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ce kuma ya yi Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki maƙwabta, ga faretin soja, ga jiniya, ga 'yan rakiya. Fim ne na kamar minti biyar, baƙi da fari, zanen ma ba wani ado. Amma wallahi duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana jiran wucewar wani babba zai gane wa ake nufi. Shekara shida kacal da samun 'yancin kai, kaniken nan ya riga ya gano cewa kwaɗo zai iya faɗin abin da ɗan wasa zai ji tsoron faɗa.

Kada minti biyar ɗin nan ya ruɗe ka. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda. Masu katun sukan rage wahala su nuna kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, 720 a minti. To lissafa na minti biyar, da hannu, ba maɓallin gyara kuskure.

A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yar tsana, mai launi. Akwai kuma Kokoa, wato kokawa, inda dabbobi ke fafatawa a fage irin na gargajiya. Ya zauna a Tawa ta ƙasar Adar, yana riƙe da otal da ɗan ɗakin aikinsa, kuma da tsufansa ya rungumi kwamfuta ya ci gaba da zane. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Ka tambayi 'yan fim ɗinmu goma, ban jin biyu sun taɓa jin sunansa, alhali mun haddace sunayen daraktocin Indiya.

Ita kwamfutar, labarinta gajere ne. Toy Story na 1995 shi ne dogon fim na farko da aka yi kacokan da ita. A 2002 aka saki manhajar Blender kyauta ga kowa, har yau ba a biyan ko kwabo. Flash da samari da yawa suka fara koyo da ita an daina tallafa mata a ƙarshen 2020. A Abuja, Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a 2010 don yaran Nijeriya su ga masu kama da su a talabijin. Yanzu ko wayar hannu tana ɗaukar manhajar zane irin FlipaClip.

Abin da na'ura ta rage shi ne kuɗin fim da takarda. Zane 720 ɗin nan na nan daram, sai dai ta taya ka cike tsakani. Kuma ba za ta gaya maka yadda Gizo ke noƙe wuya idan Ƙoƙi ta kama shi da ƙarya ba. Wannan sai ka koma wajen kakarka.

Kafin in bar zauren na nemo wa yaron Bon Voyage Sim a waya. Ya kalla sau uku bai ce uffan ba. A na huɗu sai ya riƙa tsayar da shi, yana ƙirga zane nawa kwaɗon ya ci kafin ya ɗaga ƙafa ɗaya.