Ki-Zerbo, ɗan coci da ya rubuta tarihin Afirka

Jama'a, kun san Joseph Ki-Zerbo? An haife shi a Toma ta Burkina Faso a 1922. Babansa na cikin 'yan Katolika na farko a ƙasar. Yaron ya shiga lakkol ɗin horon limaman coci, amma bai zama limami ba, sai ya wuce jami'ar Sorbonne, ya fito malamin tarihi a 1956.

Lokacin nan wasu Turawa na cewa Afirka ba ta da tarihi. Amma wannan magana kam bai haɗiye ta ba. A 1958, da Faransa ta kwashe malamanta daga Gine, ya tafi can koyarwa. A 1972 ya fitar da littafinsa, Histoire de l'Afrique noire. Har ya rasu a 2006 bai bar addininsa ba.