Mai Doki da Mai Gammo a Tarihin Zangonmu



'Yan'uwa, sunan unguwarmu ma daga tafiya ya samo asali. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana. To amma ba kowa ne ke isowa zango da gajiya iri ɗaya ba.

Ku dubi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja a ƙarni na 19. Tafiya ce ta watanni. Madugu yana bisa doki, aikinsa shawara da lissafi da sasantawa da sarakunan hanya. Masu kora jakuna kuwa, da masu ɗaure huhun goro, su kwance shi, su yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, su sake aza kaya bisa gammo, da yawansu barori ne da bayi. Matan ayari, in an sauka kowa ya miƙe ƙafa, lokacin suke fara ɗibar ruwa da girki. Ɗalibai, ku riƙe wannan, don idan ana ba da labarin fatake, sunan madugu kaɗai ake kira.

Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, wasu suka koma Kete-Karachi, inda Alhaji Umaru ya karantar har rasuwarsa a 1934, wasu suka gangaro bakin teku. Jamusawa suka mai da Lome hedikwata a 1897, jirgin ƙasa ya kai Palime a 1907. Dako bai mutu ba, tasha da kasuwa ya koma.

Wasa ma haka ya rabu. Dambe asalinsa na mahauta ne, kokawa ta manoma bayan kaka: wanda ya wuni yana aikin ƙarfi, da ƙarfin dai yake shaƙatawa. Sarauta tana da kilisa da sukuwa. Attajiri sai dara a inuwa, malami sai buzu da littafi, har teɓa ta zama shaidar wadata. Alhali Manzon Allah (SAW) ya yi jigilar ƙasa da kansa ranar Handaƙ, ya kuma yi tsere da Nana A'isha.

Da aka rushe tsohon Zango a 1977 aka mai da jama'a wajen Agwe, nesa da babbar kasuwa, nisan nan bai dami mai mota kamar yadda ya dami ɗan dako ba. Yau kuwa alhajin da hawan jini ya kama, likita ne ke tura shi tattaki bakin teku ranar Lahadi da safe, shi kuwa ɗan dako a lokacin yana neman man zafi na shafa wa bayansa.