Kamewar Birki da Gurɓacewar Man Birki: Yadda Ake Gane Su

Palladan tana kan hanyar da ta taso daga Sabon Garin Zariya, ta bi ta Kwangila, ta wuce Samaru da Shika da Giwa har Funtuwa. Motocin haya da a-kori-kura masu ɗauko hatsi daga ƙauyuka, da motocin ƙananan hukumomi, duk suna bin wannan hanya, kuma cunkoso yana sa direba taka birki a kai a kai. Wannan bayani ya shafi matsaloli biyu da sukan zo tare, wato kamewar kalifa da gurɓacewar man birki.

Yadda birki ke aiki

Idan direba ya taka birki, masta tana tura mai ta cikin bututu zuwa kalifa, wato ƙarfen da ya rungumi faifan da ke juyawa tare da taya. Man yana tura fistin, shi kuma ya matse takalman birki a jikin faifan. Da an ɗaga ƙafa, ya kamata su saki. In suka ci gaba da riƙe faifan, to birki ya kame.

Alamomin kamewa

1. Mota tana janyewa gefe guda.
2. Taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya. A kusantar da hannu kawai, kada a taɓa faifan.
3. Ana jin ƙaurin ƙuna.
4. Mota tana nauyi, tana shan mai fiye da yadda ta saba.
5. Takalmi ɗaya ya cinye, ɗan'uwansa yana nan da sauransa.

Gano inda cutar take

Bakanike zai ɗaga motar da jak, ya tokare ta, ya taka birki ya saki, sannan ya juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa, sai ya ɗan kwance notin fitar da iska da ke jikin kalifa. Idan mai ya fito da ƙarfi kuma tayar ta saki, laifin yana ga tiyon roba da ya toshe ta ciki, ko ga masta. Idan ba ta saki ba, fistin ne ya yi tsatsa, ko sandunan da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga ne ta robar da ta yage. Sauya takalman birki kaɗai ba ya magance ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Gurɓacewar man birki

Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska. Bisa ƙa'ida, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Selshiyos, DOT 4 kuwa digiri 230. Idan ruwa ya kai kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar takan sauko zuwa 140 da 155. Kalifar da ta kame tana dafa man, in ya tafasa sai tururi ya taru a bututu, birki ya nutse ƙasa ba tare da ya kama ba. Haka kuma ruwan ne ke sa fistin tsatsa daga ciki. Ke nan kowace matsala tana haifar da 'yar'uwarta.

Sabon mai garau yake, da ɗan ruwan ɗorawa. Wanda ya yi baƙi ko ya yi laka ya lalace, amma launi kaɗai ba ya nuna yawan ruwan da ke ciki. Mafi haɗari shi ne zuba baƙin mai ko man giya a tankin birki, domin suna kumbura robobi. Alamarsa ita ce robar murfin tankin ta kumbura ta saki. In haka ta faru, tilas a wanke bututu duka, a sauya duk robobin da man ya taɓa.

Rigakafi

A yi amfani da nau'in man da aka rubuta a kan murfin tanki. Kada a gauraya DOT 5 da sauran, domin sinadarinsu ba ɗaya ba ne. A sayi mai a rufaffen gwangwani, a guji na tsiyaye a kwalba. Kamfanonin ƙera motoci da yawa suna ba da shawarar sauya man duk bayan shekara biyu.

Ana shawartar jami'an sufuri na ƙananan hukumomi, musamman masu kula da motocin ɗaukar marasa lafiya, su ajiye littafi ga kowace mota, a rubuta ranar da aka sauya man da irin wanda aka zuba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke hanyar Basawa, wadda aka kafa a 1986, tana horar da ma'aikatan sufuri, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma, tun kafa ta a 1988, tana duba lafiyar motoci a kan hanya. Direban da ya ji ƙaurin birki a hanya ya tsaya gefe, ya bar faifan ya huce da kansa. Kada ya watsa masa ruwa, kuma kada ya ɗauki fasinja sai bakanike ya duba.