Binciken dokokin ƙasashen Asiya a ɗakunan karatu na Arewacin Najeriya

Binciken dokokin ƙasashen Asiya wani reshe ne na nazarin kwatanta dokoki, wanda ɗaliban shari'a, lauyoyi da alƙalai suke yi domin sanin abin da dokokin ƙasashe irin su Indiya, Sin, Pakistan da Maleshiya suka tanada a kan wata mas'ala. A Arewacin Najeriya wannan bincike yana da tushe guda uku: dokar manyan laifuka ta yankin, wato Final Kod, wadda asalinta daga Indiya yake, da cinikayya da ƙasar Sin, da kuma harkar kuɗi ta Musulunci, wadda ake yawan duba tsarin Maleshiya a kanta.

Asalin alaƙar

An zartar da kundin dokar laifuka na Indiya a shekarar 1860, ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 1862. Thomas Macaulay ne ya jagoranci hukumar da ta tsara daftarinsa. A shekarar 1899 Turawan Ingila suka ɗauki tsarin suka kai Sudan, aka sake yi masa gyara a 1925.

A shekarar 1958 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, ta kafa kwamitin masana shari'a domin ba da shawara a kan tsarin kotuna kafin samun 'yancin kai. Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shi ne shugaban kwamitin. Cikin mambobinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, Farfesa J.N.D. Anderson daga Landan, Shettima Kashim na Borno, Peter Achimugu da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Kwamitin ya ba da shawarar a ɗauki tsarin Sudan, saboda ya riga ya yi aiki a ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Aka zartar da Final Kod a 1959, ya fara aiki a ranar 30 ga Satumba, 1960.

Saboda haka sassa da dama na kundin biyu sun yi kama da juna. Sashe na 220 na Final Kod na asali, wanda ya yi bayanin laifin kisan kai, ya yi daidai da sashe na 299 na kundin Indiya. Sashe na 79, a kan tarayya cikin niyyar aikata laifi, ya yi daidai da sashe na 34. Cin amana yana sashe na 311 a nan, a Indiya kuma 405. Zamba tana sashe na 320 a nan, a can 415. Hukuncin kotun Indiya ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma ana kawo shi a matsayin hujjar ƙarfafa fahimta idan lafazin dokar ya zo ɗaya.

Littattafan da ake fara dubawa

A fannin dokar laifuka, littafin Alan Gledhill mai suna The Penal Codes of Northern Nigeria and the Sudan, wanda ya fito a 1963, ya kwatanta kundin biyu tare da nuna tushensu na Indiya. S.S. Richardson, wanda ya yi aikin tsara kundin, ya rubuta Notes on the Penal Code Law. Daga ɓangaren Indiya kuwa, sharhin Ratanlal da Dhirajlal yana cikin waɗanda lauyoyi suka fi komawa gare su. Takardun kwamitin 1958 suna cikin tarin da Philip Ostien ya shirya a 2007 a kan aiwatar da shari'ar Musulunci a Arewacin Najeriya tsakanin 1999 da 2006.

Mai bincike yana bukatar lura da shekarar bugu. Indiya ta daina aiki da kundin 1860 a ranar 1 ga Yuli, 2024, ta maye gurbinsa da Bharatiya Nyaya Sanhita, kuma lambobin sassan sun sauya. Haka nan wasu jihohin Arewa sun sabunta nasu kundin, kamar yadda Jihar Kaduna ta yi a 2017. Don haka tsofaffin bugu na sharhin Indiya sun fi dacewa wajen kwatantawa da Final Kod na asali.

Wuraren da ake samun kayan bincike

Ɗalibin da ya fito daga Matazu, Musawa, Malumfashi ko Funtuwa yana tsakanin cibiyoyi biyu, Katsina daga arewa da Zariya daga kudu. A Katsina akwai tsangayar shari'a ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. A Zariya, tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana harabar Kongo, tare da ɗakin karatunta da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci. Babban ɗakin karatun jami'ar, wanda ke Samaru, yana ɗauke da sunan Kashim Ibrahim, wato Shettima Kashim da ya zauna a kwamitin 1958.

A Kaduna akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna, da reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, inda ake adana fayilolin gwamnatin Jihar Arewa. A Kano akwai ɗakin karatun Jami'ar Bayero. Don bincike mai zurfi akan nufi Cibiyar Nazarin Shari'a Mai Zurfi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979 a harabar Jami'ar Legas. Wanda ba ɗalibin wurin ba ne yakan tafi da takardar gabatarwa daga makarantarsa ko wurin aikinsa.

Yadda aka jera littattafan

Sanin lambar aji yana rage ɓata lokaci a gaban kanta. A tsarin Ɗakin Karatun Majalisar Amurka, harafin K shi ne na shari'a. KNQ na Jamhuriyar Jama'ar Sin ne, KNN na Sin kafin 1949, KNS na Indiya, KNX na Japan, KPG na Maleshiya, KPL na Pakistan, KBP na shari'ar Musulunci, KTA kuma na Najeriya. A tsarin Dewey, shari'a tana farawa daga 340, dokar Sin tana 349.51, ta Indiya 349.54, ta Najeriya 349.669. Ɗakunan karatun shari'a da yawa a Najeriya suna amfani da tsarin Moys, wanda Elizabeth Moys ta wallafa a 1968 bayan ta yi aiki a Jami'ar Legas. Ma'aikacin ɗakin karatu ne zai faɗi tsarin da ake bi a wurin.

Dokokin ƙasar Sin

Najeriya da Sin sun ƙulla huldar jakadanci a ranar 10 ga Fabrairu, 1971. A yau atamfa, babura, injinan ban ruwa da magungunan feshi da ake sayarwa a kasuwannin kudancin Katsina, da yawansu daga Sin suke fitowa. Idan aka samu saɓani a kan kaya ko biyan kuɗi, abin da aka rubuta a kwangila game da dokar da za a bi da wurin sasantawa shi ne yake yanke hukunci.

Tsarin Sin ya bambanta da na Najeriya. Rubutacciyar doka ce ginshiƙi, hukuncin da wata kotu ta yanke a baya ba ya ɗaure na gaba kamar yadda yake a tsarin Ingila, sai dai fassarorin da Kotun Ƙolin Jama'a take fitarwa suna da ƙarfin doka a kan kotuna. Tsarin mulkin da ake aiki da shi na 1982 ne. Kundin dokokin mu'amala, wanda ya haɗa kwangila, mallaka, aure da gado, an zartar da shi a ranar 28 ga Mayu, 2020, ya fara aiki a 1 ga Janairu, 2021, ya kuma shafe dokar kwangila ta 1999. Littafin da aka buga kafin wannan lokaci yana iya ɓatar da mai karatu. Nassin Sinanci shi ne abin dogaro, fassarar Ingilishi taimako ce kawai.

A fannin sasanci, ƙasashen biyu suna cikin Yarjejeniyar New York ta 1958, Najeriya ta shiga a 1970, Sin a 1987. Shari'ar kamfanin Zhongshan Fucheng da Najeriya ta nuna nauyin lamarin. A Maris 2021 kwamitin sasanci ya yanke wa kamfanin diyyar kusan dala miliyan 70 a kan yankin ciniki na Jihar Ogun, bisa yarjejeniyar zuba jari ta 2001, kuma a Agusta 2024 wata kotu a Faransa ta ba da izinin tsare jiragen fadar shugaban ƙasa saboda bashin.

Maleshiya da Pakistan

Ana duba dokokin Maleshiya a kan bankin Musulunci, takaful da sukuk, musamman dokar harkokin kuɗi na Musulunci ta 2013. Bukatar hakan ta ƙaru bayan buɗe Bankin Jaiz a 2012 da fitar da sukuk na farko na Gwamnatin Tarayya a 2017. Sai dai Maleshiya mazhabar Shafi'iyya take bi, Pakistan Hanafiyya, yayin da kotunan shari'a na Katsina da sauran jihohin Arewa suke kan Malikiyya. Wajibi ne mai kwatantawa ya bayyana wannan bambanci.

Rumbunan intanet

Waɗanda ake shiga kyauta sun haɗa da AsianLII, wanda aka buɗe a 2006, da India Code na gwamnatin Indiya, da Indian Kanoon na hukunce-hukuncen kotuna, da rumbun dokoki na Majalisar Wakilan Jama'ar Sin da aka buɗe a 2021. GlobaLex na Jami'ar New York yana da jagororin bincike ƙasa-ƙasa. Waɗanda ake biya sun haɗa da HeinOnline da Pkulaw, ana kuma shigarsu ta rajistar jami'a. Shirin GOALI na Research4Life, wanda ya fara a 2018, yana ba cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun shari'a kyauta ko da rangwame.

Tsarin da aka saba bi shi ne a fara da jagorar bincike ko littafin gabatarwa, a nemo nassin dokar, a tabbatar ba a soke ta ko gyara ta ba, sannan a duba yadda kotuna suka fassara ta. Wajen kawo hujja ana rubuta sunan doka, shekararta, lambar sashe, da wanda ya yi fassarar idan da fassara aka yi aiki.