Tarihin Kalmar "Mujarrabi": Daga Asibitin Bagadaza Zuwa Kasuwar Kanya Babba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Kanya Babba, ko Babura, ko Kazaure, ya san motar nan mai lasifika a ka, wadda ke tallar kwalba ɗaya a matsayin maganin sanyin ƙashi, da ciwon baya, da basir, da ciwon gaɓɓai. Kalmar da mai tallar ya fi maimaitawa ita ce, "Mujarrabi ne!" Masu saye kuwa iyayenmu ne, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a duƙe a gonar gero da gyaɗa, ko a bakin turmi da rijiya. Wata gwaggona ta yi wajen shekara tana shan irin wannan haɗi saboda ciwon gwiwa. Ciwon yakan lafa da gaske, amma sai fuskarta ta kumbura, jininta ya hau, har likitan da ya duba ta ya ce alamun sun yi kama da na wanda ya daɗe yana shan wata ƙwaya ta asibiti ba bisa ƙa'ida ba. Tun daga nan nake tambayar kaina game da wannan kalma. Asalinta Larabci ne, ma'anarta "abin da aka jarraba". To wa ya jarraba, a kan mutum nawa, kuma ta wace hanya? Magabatanmu sun riga mu yin wannan tambaya, shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihi.

Yadda magabata suka fahimci jarrabawa

Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu a wajen shekarar 925 Miladiyya, ya shugabanci asibiti a Bagadaza. A cikin babban littafinsa Al-Hawi ya ba da labarin marasa lafiya masu alamun wani ciwon ƙwaƙwalwa mai kama da sanƙarau. Ya zubar wa wasu jini, ya kuma bar wasu da gangan bai yi musu ba, domin ya kwatanta ƙarshen kowane ɓangare. A yau likitoci ba sa maganin sanƙarau da zubar da jini, amma dabarar kwatanta ɓangare biyu ita ce ginshiƙin gwajin magani har gobe.

Bayansa sai Ibn Sina, wanda ya kammala Al-Ƙanun a 1025, ya rasu a 1037. Ya gindaya sharuɗɗa bakwai kafin a yarda da magani ta hanyar jarrabawa. Daga cikinsu akwai cewa maganin ya kasance tsantsa ba tare da wani abu ya gurɓata shi ba. A gwada shi a kan cuta guda wadda ba ta cakuɗe da wata ba. A lura da lokacin da ya fara aiki. Amfaninsa ya riƙa maimaituwa a kullum ko a mafi yawan lokuta. Sannan a gwada shi a jikin ɗan Adam, domin abin da ya yi wa doki ba lallai ne ya yi wa mutum ba. Ya ɗan'uwa mai karatu, ɗora kwalbar kasuwa a kan waɗannan sharuɗɗa ka ga ko za ta tsallake na farko.

Malaman addini ma ba su yi sakaci ba. Imam Muslim ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa waraka, da izinin Allah, tana zuwa ne idan magani ya dace da cutar. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa amfanin ƙaho da sauran magunguna yana bambanta gwargwadon ƙasa, da yanayi, da shekarun mutum, da irin jikinsa. Ke nan ambaton abu a hadisi bai ɗauke wa mai magani nauyin sanin cuta da sanin gwargwado ba.

A ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da masu magani kashi-kashi. Akwai wanzami mai ƙaho da tsaga, akwai maɗori mai gyaran karaya da targaɗe, akwai ungozoma, akwai malami mai rubutun sha, akwai kuma boka da ɗan bori. Mai ciwon da ya daɗe yakan zagaya su duka, wani lokaci har a kai ga sakiya ko lalas. Amma Bahaushe yana bambanta su. Maɗori aikinsa a fili yake, ƙashi ya haɗe ko bai haɗe ba, kuma a garin yake zaune, idan ya ɓata za a san gidansa. Magori kuwa, mai yawo da saiwoyi daga kasuwa zuwa kasuwa, shi aka yi wa kirari da "wasa kanka da kanka", domin babu mai shaidar maganinsa sai bakinsa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai da dama a kan likitanci, har da na basir, da na ciwon ido, da na amfanin filasko. Masanin tarihi Ismail Abdalla ya yi nazarinsu a littafinsa na 1997 game da Musulunci da magani a Arewacin Nijeriya. Abin lura shi ne, lokacin da Baturen Birtaniya Clapperton ya ziyarci Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Malamin da ya san Ɗibbun Nabawi fiye da kowannenmu bai ga aibin neman ilimin magani daga inda yake ba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, asibiti ya shigo sannu a hankali, kuma ya fi zama a birane. Wani likita mai suna Dalziel ya tattara sunayen itatuwan Hausa ya buga a 1916, alamar cewa su ma sun ga akwai abin koyo a dajinmu. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, maganin asibiti ya yi tsada. A shekarun da suka biyo baya shagunan magungunan Musulunci suka yawaita a Kano da sauran garuruwa, magori kuma ya samu mota da lasifika, yau ga shi ya samu Facebook da TikTok. Sai kuma gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano a 1996, inda 11 suka rasu, aka kuma yi shekaru ana shari'a a kan batun izinin iyaye. Wannan ya ƙara wa jama'a shakku game da asibiti, kuma shakkun yana da dalili. Amma gwajin da aka yi ba bisa amana ba gyara yake bukata, bai halatta sayar da abin da ba a gwada ba sam.

Ganye ma ana jarraba shi

Kada a ɗauka ina raina saiwa da ganye. Ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini, yana cikin mafi zafin ciwo mai daɗewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar yara kusan 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo, wanda ya ƙunshi masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani itace dangin madobiya. Aka sa masa suna Niprisan, aka gwada shi a kan mutum 82, ana kwatanta shi da ƙwaya marar magani a ciki, ba tare da majinyaci ko likita sun san wadda ake sha ba. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwon, duk da haka masana suka ce mutanen sun yi kaɗan, ana bukatar ƙarin gwaji. Wannan ita ce hanyar Ar-Razi, kuma wannan ne ya cancanci a fara kiransa mujarrabi.

Me ya sa muke ruɗuwa?

Ciwo mai daɗewa yana hawa yana sauka. Mutum yakan nemi magani ne a ranar da ciwon ya kai ƙarshen tsanani, bayan tsanani kuwa sauƙi yakan biyo ko da bai sha komai ba, sai kwalba ta karɓi godiyar. Sa rai da kansa yana rage jin zafi na ɗan lokaci. Wanda ya ji sauƙi shi ake kawowa gaban lasifika, wanda ya kwanta a asibiti ba a jin muryarsa. Mafi muni, an sha kama masu zuba ƙwayoyin asibiti a ɓoye cikin haɗin gargajiya a ƙasashe da dama. Deksametason yana kwantar da ciwon gaɓɓai nan take, amma daɗewa a kansa yana kawo kumburin fuska, da hawan jini, da ciwon suga, da raunin ƙashi. Daikulofenak da danginsa kuwa, idan aka yawaita, suna jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Shi kansa ƙaho, wanda wasu bincike suka nuna yana iya sassauta ciwon baya na ɗan lokaci, idan aka yi wa mutane da yawa da aska ɗaya yana yaɗa ciwon hanta.

Haka nan lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da ake gani a jikin wasu magungunan gargajiya, shaida ce cewa an duba lafiyar shansu. Ba ta nufin an tabbatar suna warkar da abin da aka lissafa, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka ba na zargin mai ciwo, nauyin yana kanmu, mu da muka yi karatu kuma wayar take hannunmu. Kafin ka tura wa mahaifiyarka bidiyon wani mai magani, ko ka saya mata kwalba, ka fara kai ta a gano mene ne ciwon. Ka tambayi abin da ke cikin haɗin, da gwargwadon sha, da inda za a samu mai shi idan an samu matsala. Idan tana shan wani abu, a faɗa wa likita, kada a ɓoye; idan kuma ta daɗe a kansa, kada a yanke shi farat ɗaya sai da shawararsa, domin yanke irin su deksametason kwatsam yana da haɗari. Addu'a da ruƙya ta shari'a suna nan a matsayinsu, ba sa cin karo da awon jini.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya ciwon ya zama kankarar zunubi, Ya kuma tsare mu daga cin dukiyar mai rauni da sunan addini. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.