Kasuwar Alhamis a Birnin Ishbiliya

Mai karatu, ni dai ban taɓa kawowa a raina ƙafata za ta taka ƙasar Sifen ba, sai da Allah Ya kawo sanadi. Matar yayana ce ta haihu a can, aka rasa mai zuwa zaman jego sai ni. Garin da suke zaune sunansa Sebiya, shi ne wanda Larabawa ke kira Ishbiliya, yana bakin wani babban kogi da har yau sunansa na Larabci ne, wato Wadil Kabir, sai dai harshen mutanen ya lanƙwasa shi.

Wata Alhamis da hantsi Yaya ya leƙo ɗaki ya ce, "Ke mai rubuce-rubuce, ɗauko mayafinki in kai ki inda za ki samo labari." Na ce, "Yaya, ina kuma?" Ya ce, "Kasuwa, amma ba irin wadda kike tsammani ba."

Muka nufi wani dogon titi mai suna Feriya a cikin tsohon gari. Kasuwar babu rumfa ko ɗaya ta dindindin, kowa ya shimfiɗa kayansa a ƙasa ko kan tebur, kafin la'asar kuma an watse. Sunanta El Huwebes, ma'anarsa Alhamis, don ranar kaɗai take ci. Sai na yi dariya na ce ashe ba mu kaɗai muke raɗa wa kasuwa sunan rana ba, ga Talatar Mafara can a Zamfara.

Kayan da ake sayarwa kusan duk tsofaffi ne: agogon bango, rediyo, littattafan da suka yi ja, rigunan rawa masu baza, fitilu, da tarin kwabban faseta, kuɗinsu na da, wanda yuro ya maye gurbinsa a 2002. Na tambayi Yaya shekarun kasuwar, ya ce ta haura ɗari bakwai. Na riƙe baki. Daga nan na sa kaina bin diddigin abin, ga kuma abin da na samo.

Musulmi sun shiga wannan ƙasa a shekarar 711, suka kira ta Andalus, Ishbiliya kuma ta zauna a hannunsu sama da shekara 500. Sarakunan Muwahhiduna sun gina babban masallacin Juma'a a garin, aka gama hasumiyarsa a 1198. Mu ma muna da ɗan rabo a wannan tarihi, domin Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a Kano, mutumin Andalus ne. A 1248 Sarki Farnando na uku ya ci garin bayan ya yi masa zobe fiye da shekara guda, aka ce Musulmi su fita. Masallacin ya zama coci, daga baya aka rushe shi aka gina wani ƙato a wurin, amma aka bar hasumiyar, aka ɗora mata ƙararrawa a ka. Ita ce Hiralda, na gan ta da idona, na daɗe tsaye ban ce komai ba.

Bayan wannan yaƙi, Sarki Alfonso na goma ya ba garin izinin cin babbar kasuwa sau biyu a shekara, a 1254, kuma a cikin wannan ƙarni ne ta Alhamis ta samo asali. Tun daga nan me bai wuce ta kanta ba? A 1503 aka mayar da cinikin ƙasashen Amurka gaba ɗaya ta Sebiya, zinariya da azurfa suka riƙa shigowa ta kogin nan. Amma kun san arzikin gari ba shi ne na talaka ba. A 1521 yunwa ta sa mutanen unguwar Feriya suka yi bore, suka shiga cocin da ke kan titin suka ɗauko wata koriyar tuta da aka ƙwace daga hannun Musulmi, suka ɗaga ta suka nufi masu mulki. A 1649 annoba ta kashe kusan rabin mutanen garin, a 1652 unguwar ta sake tashi saboda tsadar burodi. A 1717 aka ɗauke cinikin Amurkan aka kai garin Kadis. Duk wannan ya zo ya wuce, 'yar kasuwar talakawa tana nan tana ci.

Abin da ya taɓa mini zuciya kuwa wani kwali ne a gaban wani tsoho. Cike yake da hotunan mutane, na aure, na jarirai, ga kuma tarin makullan gidaje duk sun yi tsatsa. Na ce Yaya ya tambayar mini ina masu su. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce sun mutu, magada ne suka kwashe kayan gidan suka sayar masa a dunƙule. Na ɗauki hoton wata amarya tana murmushi. Allah sarki, ita ma ranar nan gani take duniya tata ce.

Nan take na tuna da abin da na aikata. Da Innarmu ta rasu, ni da bakina na ce a kira dillaliya ta kwashe tasoshinta da kwallaye da gadon ƙarfenta mai rumfa, wai sun tare mana ɗaki. Kuɗin ko leshi ɗaya bai saya ba. Yau 'yata tana tambayata yadda jeren ɗakin kakarta yake, ba ni da ko murfin kwano da zan nuna mata. A tsakiyar kasuwar Turawa na tsaya ina share hawaye da gefen mayafi, Yaya yana cewa, "Ke kuma lafiya?"

'Yan uwana mata, mu ne masu ajiya a gida, kuma mu ne masu saurin zubarwa. Mutanen Sebiya sun kori waɗanda suka gina hasumiyar nan, amma ba su yarda ta faɗi ba. Mu kuwa ga Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau mulki a 1463, mu nawa ne muka taɓa kai yaranmu muka ba su labarinta? Ga ganuwa muna kallo ana gini a kanta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na sayi hoton amaryar nan yuro ɗaya, yana cikin akwatina. Da na dawo Kano na je wurin Gwaggo na roƙe ta faifai da ƙoshiyar da Inna ta taɓa ba ta, ta ba ni tana tsokanata wai yau na san darajarsu. Su na ajiye wa 'yata. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu ma a tuna da mu da alheri, amin.